Muhawara: Me ya sa tela ke ce wa mai jiki "a yi miki bubu kawai"?

Uwar_Almakashi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Akwai maganar da nake so mu tattauna tsakani da Allah, ba don a ci mutuncin kowa ba. Ku duba shafukan masu ɗinki a Instagram da TikTok, tun daga manyan da ake kira dizaina har ƙananan shagunan unguwa. Kusan duk kayan da ake ɗorawa a jikin siririya ake nuna su, ko a jikin mutum-mutumi mai ƙugu inci 26. Amma mace mai jiki ta zo da hoton ɗinkin nan dai, amsar da za ta ji ba ta wuce uku: "ba zai karɓe ki ba", ko "yadinki ba zai isa ba", ko "Hajiya, a yi miki bubu kawai, ya fi rufin asiri". Wani lokaci a karɓi kayan, a yi ta yi mata gobe-jibi har a gama na kowa, sannan a ɗinka nata cikin gaggawa daren biki. A ganina yawancin wannan ba shawara ba ce, rashin iya yanka ne ake lulluɓewa da sunan shawara. Masu yanka ku faɗa mana: ina ainihin matsalar take, a yadi, a hannunmu, ko a zuciyarmu?

TelanFagge:
Wa alaikumus salam. Hajiya, kin faɗi gaskiya amma ba duka ba. Maganar yadi ba ƙarya ba ce. Turmin atamfa yadi 6 ne, falle uku, faɗinsa kuma bai wuce inci 46 zuwa 48 ba, ko Holan ce ko 'yar Chana. Ɗauki zani kawai. Falle ɗaya inci 72 ne. Mai hif 40 idan ta ɗaura, inci 32 ne zai hau kan ɗan'uwansa, ta yi tafiyarta hankali kwance. Mai hif 56 kuwa inci 16 kacal zai hau, da ta ɗaga ƙafa za ta shiga adaidaita sahu zanin ya buɗe. Dole a ba ta yadi biyu da rabi. Saura uku da rabi, a ciki za a fitar da jikin riga da hannu da ɗankwali. In kuma atamfar mai babban fure ce da sai an daidaita zanen gaba da na baya, rabin yadi ya tafi a banza. To idan tela ya ce ba zai isa ba, sau da yawa lissafi ne.

Uwar_Almakashi:
Malam, na yarda da lissafinka ɗari bisa ɗari. Amma wanda lissafi ne damuwarsa cewa zai yi "ƙaro rabin turmi", ko "nemo yadi biyu marar zane mu haɗa a hannu da ƙasan riga". Ba zai ce "ba zai karɓe ki ba". Maganganun nan biyu ba ɗaya ba ne. Ta farko a kan yadi take, ta biyu a kan jikin baiwar Allah take.

Yadi_da_Inci:
Bari in shigo ta ɓangaren yanka, don nan gizo ke saƙa. Yawancinmu a hannun maigida muka koya, ana zana alli kai tsaye a kan yadi da wasu ƙa'idoji da aka haddace. Ƙa'idojin nan suna aiki lafiya a kan ƙirji 32 zuwa 40. Da an wuce nan sai su fara yi wa mutum ƙarya.

Na farko, raba ƙirji gida huɗu. Ƙirji 48, a sa 12 a rabin gaba, 12 a rabin baya. Amma mace mai cikar ƙirji ba daidai take gaba da baya ba. In ka auna daga gefe zuwa gefe za ka iya samun baya 22, gaba 26. Wato rabin baya 11 ne, rabin gaba 13. Ka yanka 12 da 12, gaba ya matse, baya ya yi buhu, ɗinkin gefe ya karkato gaba, zif ɗin baya ya yi tudu kamar ƙusumbi. Sai a ce jikinta ne bai yi ba.

Na biyu, zurfin hammata. Ƙa'idar da ta yaɗu ita ce ƙirji a raba shida a ƙara inci ɗaya da rabi. Mai 36 za ta samu bakwai da rabi, daidai ne. Mai 52 za ta samu inci 10 da ɗoriya, alhali ƙashin kafaɗarta da ramin hammatarta ba su girma da girman ƙirjin ba. Hammata ta zurma ƙasa, in ta ɗaga hannu rigar gaba ɗaya ta biyo ta sama, in marar hannu ce rigar mama ta fito fili. Mutane da yawa suna zaton faɗaɗa hammata shi ke ba da sakewa, alhali akasin haka ne: hammata mai hawa sama ta fi barin hannu ya motsa.

Na uku, kafaɗa da wuya. Mai ƙirji 36 kafaɗarta tana kusan 15, mai 52 sau da yawa ba ta wuce 16 da rabi ko 17 ba. Wanda ya faɗaɗa komai tare zai ba ta kafaɗa 19, wuyan riga ya riƙa zamewa.

Tela ya yi wannan kuskuren sau biyu, aka dawo masa da kaya ana faɗa, daga nan sai ya yanke wa kansa hukunci cewa ɗinkin masu jiki rigima ne. Bubu kuwa ba dat (kamun da ake ɗinkewa don yadi ya bi tudun jiki), ba hammata, ba kafaɗa. Kun ga inda shawarar ta samo asali.

YarKoyo_22:
Yaya @Yadi_da_Inci Allah ya ƙara basira. Don Allah yaya ake gyara na ƙirjin? Mu a wajen koyo raba huɗu kawai aka nuna mana.

Yadi_da_Inci:
@YarKoyo_22 ƙanwata, awo biyu za ki ɗauka a ƙirji, ba ɗaya ba. Ɗaya a saman ƙirji, tef ya bi ta ƙarƙashin hammata ya hau sama da mama. Ɗaya a kan cikar ƙirjin. Kafaɗa da wuya da hammata kuwa, da awon sama za ki fitar da su, don shi ne ke nuna girman ƙashin mutum. Tsarin yanka na gama-gari an gina shi ne a kan bambancin inci 2 tsakanin awon biyu. Idan sama 42 ne, cika 48, bambanci 6 ke nan, akwai rarar inci 4 da gaba kaɗai ke buƙata. Ki ba kowane rabin gaba inci 2, kada ki taɓa baya.

Sannan tsawo. Auna daga kafaɗa kusa da wuya, ki bi ta kan mama zuwa ƙugu, ki kuma auna na baya. Gaba zai iya fin baya da inci 2 ko 3. Wannan rarar ce za ki kama a dat ɗin gefe domin gefen gaba da na baya su zo daidai. Bakin dat kada ya kai tsinin mama: ga mai ƙaramin ƙirji ki tsaya inci ɗaya kafin nan, ga mai babba inci biyu zuwa biyu da rabi, in ba haka ba ya yi tsini. Idan dat ɗin ya yi faɗi da yawa ki raba shi biyu, ko ki mayar da shi yankan firinses, wato haɗin da ke bi ta kan ƙirji ya sauka, daga hammata ko kafaɗa. Ki fara gwadawa da yadin shafi mai arha kafin ki sa almakashi a leshin mutane.

Maman_Zare:
A ƙara da wannan: a auna ta sanye da rigar maman da za ta sa ranar fita. Sauya rigar mama kaɗai na iya ɗaga tsinin ƙirji da inci ɗaya ko fiye, dat ya tashi a wurin da ba nasa ba.

Hajiyar_Kwari:
Ni ta ɓangaren sayar da yadi nake, kuma ina ganin a rage wa teloli laifi. Masu fitar da anko su ma su ji tsoron Allah. A yanka wa kowa yadi huɗu, ko leshi yadi biyar a raba wa mutum biyu, ba a tambayi wa zai sa ba. Ƙawar amarya mai hif 38 za ta fita da doguwar riga har da saura, mai 54 ta rasa na hannu. Kuma in an koma kasuwa bayan sati biyu zanen ya ƙare, ko a samu irinsa amma launin ya ɗan bambanta saboda ba bugu ɗaya ba ne. Mai fitar da anko ta ajiye turmi ɗaya ko biyu a gefe saboda masu neman ƙari, shi ke nan an huta.

Anti_Shafi:
Hannu da zif su ne ke tona asirin tela a jikin mai ƙiba. Damtse 17 ko 18 ba abin mamaki ba ne. Kuskuren da ake yi shi ne a faɗaɗa hannun tun daga kansa har ya fi ramin hammata, sai a rasa yadda za a shigar da shi, a tattara shi dole, ko a zurfafa hammatar kamar yadda aka faɗa a sama. Abin yi shi ne a zana hannun a takarda, a tsaga shi ta tsakiya a tsaye da kuma a kwance daidai layin damtse, a buɗe tsakiyar gwargwadon ƙarin da ake so. Faɗin damtse ya ƙaru, tsawon bakin da zai shiga hammata bai canja ba. A bar sakewar inci 2 a damtse in atamfa ce ko shadda, don ba sa miƙewa. In ƙarin ya wuce inci biyu, gara a yi hannu mai yanka biyu ko a sa ɗan ƙyalle a ƙarƙashin hammata.

Zif kuma, wanda ake ɓoyewa a cikin ɗinki haƙoransa ƙanana ne. A kan ɗamammiyar riga mai shafi da gam (yadin mannawa mai ƙarfafa riga), inda ɗinkin ƙugu ya gitta, nan yake fashewa. Ga mai jiki a sa zif mai ƙarfi, dogo mai inci 22 ko 24 da zai sauka har kan hif, a manna siririn gam a bakin yadin kafin a ɗinka, a sa ƙugiya a sama da kuma ɗamara ta ciki a ƙugu mai ɗauke nauyin jan. Zif mai inci 16 a rigar mai hif 54, ta ina za ta shiga?

DanDamagaram_Dinki:
Gaisuwa daga Damagaram. Mu nan da santimita muke aiki amma ciwon iri ɗaya ne. Abu ɗaya da ban ga an ambata ba: a auna mutum a zaune. Mai jiki idan ta zauna, zagayen hif da ciki na iya ƙaruwa da santimita 5 zuwa 10. Siket ɗin da aka yanka da awon tsaye kaɗai, a wajen biki za ta kasa zama, a sallah kuma ba a magana. A zagaya tef a tsaye, a riƙe shi sako-sako, a ce ta zauna a kujera, a bar tef ɗin ya buɗe da kansa. Lambar da ya tsaya a kai ita ce mafi ƙarancin faɗin siket.

Maman_Zare:
Haka ne Malam. Da kuma bayan siket. Mai manyan mazaunai, yadin baya yana hawa tudu kafin ya sauko, don haka in tsawon gaba da baya ɗaya ne, baya zai ɗage. Ƙarin inci ɗaya da rabi zuwa biyu ake yi a tsakiyar baya ta wajen ƙugu, ba ta ƙasa ba, don in ta ƙasa aka ƙara zanen atamfar zai karkace a kalmasa. Dat biyu a kowane ɓari sun fi guda ɗaya mai faɗi kwanciya.

MaiSurfani_Zazzau:
Ku yi haƙuri, amma ana ta magana kamar bubu wani abin kunya ne. Bubu sutura ce ta girma. Manyan mata a Senegal da Mali da nan gida da ita suke fita taro, shadda mai sheƙi da aiki a wuya, ba wanda ya isa ya raina. Mu a al'adarmu yalwar tufa daraja ce, shi ya sa babbar riga ta fi ƙarfin kowace riga. Kuma akwai maganar addini: ɗamammen ɗinki mai fitar da surar jiki ba abin da za mu yi ta fafutuka a kai ba ne, ko ga siririya ko ga mai jiki.

Uwar_Almakashi:
Malam MaiSurfani, ba wanda ya raina bubu. Abin da nake cewa, ta zaɓa da kanta, kada a tura ta can don tela ya gudu daga dat. Kuma in maganar sutura ce, a yi wa kowa ita. Ba daidai ba ne siririya ta kawo ɗamammiya a ɗinka mata ba ko tari, mai jiki ta kawo riga da siket mai sakewa a tuna mata da rufin asiri. Bubun ma ai tana da yanka. In wuyan ya yi faɗi tana zamewa, in ba a sa ɗinkin ciki a daidai wuri ba gefe na buɗewa har a ga jiki, in mai ita gajeriya ce aka bar mata faɗin mai tsawo sai ta nutse a ciki.

Malam_Kaftani:
Kada a manta da maza. Mai tumbi shi ma yana shan wannan, sai dai maza ba su cika ƙorafi ba, canja tela kawai suke yi. Kaftani a jikin mai teɓa, gaba yana ɗagewa baya na jan ƙasa, tsagar gefe ta buɗe kamar baki, aljihun gefe ya wage. Maganinsa a auna zagayen ciki a inda ya fi fitowa, ba ƙirji kaɗai ba, a ba gaba faɗi fiye da baya, a ƙara tsawon gaba da inci ɗaya da rabi zuwa biyu a tsakiya a zagaye shi zuwa gefe. Wuya kuma a auna shi da kansa, a sa yatsa biyu a cikin tef. Wando: a tambayi mutum a ina yake ɗaure zariya, saman ciki ko ƙasansa, don bambancin hantsa tsakanin biyun na iya kai inci uku. Cinyoyi masu gogar juna suna cinye shadda a tsakani, don haka a ninka ɗinkin wajen, a sa ƙyallen ƙarfafawa ta ciki. Yadi huɗu da ke isar matsakaicin mutum kaftani da wando, babban mutum sai biyar, a faɗa masa tun kafin ya saya. Aikin wuya ma a ƙara masa girma daidai da faɗin ƙirjin, don ƙaramin aiki a faffaɗan gaba ɓacewa yake yi.

Siririn_Zare:
Tunda ana maganar jiki daban-daban ne, sirara ma ba su tsira ba. Abin da ake yi musu shi ne a cusa soso a ƙirji da hif ba tare da an tambaye su ba, wai don kayan su zauna. Ko a ce "ki ƙara cin abinci kafin biki". Wannan ma shiga hurumin mutum ne. A yanka kuma matsalarsu ita ce wuya na hangamewa, don raba huɗu yana ba gaba fiye da buƙata. Sai a rage faɗin dat, a kama rabin inci a layin wuya a takarda kafin yanka. Gajeru kuma, ba ƙasan riga kaɗai ake ragewa ba, a rage tsakanin kafaɗa da ƙirji, da tsakanin ƙugu da gwiwa, in ba haka ba ƙugun riga ya sauka kan hif. Dogaye masu tsawon riga 60 ko fiye, faɗin atamfa bai kai ba, dole a yi haɗi a ƙugu ko a yanka ta tsawon yadi in zanen ya yarda.

Dizaina_Abuja:
Wannan hali ba namu ba ne mu kaɗai, kuma a manyan gidajen ɗinki na Turai da Amurka ya fi muni. Su kan ɗinka samfur guda na kowane salo a ƙaramar lamba, daga 0 zuwa 4 a ma'aunin Amurka, shi ake nunawa a dandali, shi ake ara wa taurari. Wadda ba ta shiga samfur ba sai an yi mata nata daga farko, da yawa kuma ba sa so. A 2016 'yar wasan barkwanci Leslie Jones ta rubuta a Twitter cewa ba mai son yi mata kayan da za ta sa a bikin fara nuna fim ɗinta, sai wani dizaina, Christian Siriano, ya karɓa ya yi mata jar doguwar riga. A 2019 mawaƙiya Bebe Rexha ta fito ta ce an ƙi yi mata kayan bikin ba da kyautar waƙa na Grammy wai ta yi girma, alhali lamba 8 take sawa. Karl Lagerfeld, babban dizainan gidan ɗinki na Chanel a lokacin, tun a 2009 ya faɗa wa wata mujallar Jamus cewa ba mai son ganin mata masu jiki a dandali. Ta ɗaya ɓangaren, a 2006 masu shirya makon nuna kaya na Madrid sun hana ramammun masu talla hawa dandali, a 2017 kuma manyan kamfanonin kayan ado na Faransa, LVMH da Kering, suka daina ɗaukar mata masu talla masu lamba 32 ta Faransa. Bambancinmu da su shi ne mu kusan kowa a jikinsa ake auna shi, ba mu da uzurin samfur.

TelanFagge:
@Dizaina_Abuja uzurin samfur ya fara shigo mana ai, ta hanyar masu sayar da ɗinkakku a intanet. A ɗinka lamba uku, a ce sauran sai an yi oda. Abayar Dubai ma haka: lambobin 52, 54, 56, 58 tsawo suke nufi ba faɗi ba. Gajeriya mai jiki in ta ɗauki 52 ta matse ta, in ta ɗauki 58 don faɗi ta share titi.

Mai_Lefe_Jos:
Tambaya ta gaskiya: halal ne a caji mai jiki fiye da siririya a ɗinki iri ɗaya? Don ana yi, kuma yana jawo ɓacin rai sosai.

Anti_Shafi:
In kayan haɗi daga aljihun tela suke fitowa, akwai ƙari na gaske. Shafi yadi uku zai koma huɗu ko biyar, gam ya ƙaru, ƙashin koset (sandunan da ke miƙar da rigar matse ciki) daga guda takwas ya koma sha biyu ko sha huɗu, duwatsu da aiki su ƙaru saboda fili ya ƙaru, ga gwaji sau biyu maimakon ɗaya. Wannan ba zalunci ba ne. Amma a rubuta shi dalla-dalla: kuɗin hannu kaza, iri ɗaya ga kowa, kayan haɗi kaza. Abin da ke ƙona rai shi ne a kalli mutum sama da ƙasa sannan a faɗi kuɗi.

Dizaina_Abuja:
Ni ban goyi bayan bambanta farashi ba ko da a kayan haɗi ne. A yi lissafin matsakaici a sa kuɗi ɗaya. Ba a rage wa mai lamba 6 kuɗi don ta ci shafi kaɗan, to me ya sa ƙari kaɗai ake gani?

TelanFagge:
Hajiya, wannan ya yi wa mai babban shago. Telan da ke biyan kuɗin man janareta kullum, yadi biyu na shafi shi ne ribarsa.

Maman_Zare:
Mu dawo kan hali, don ko an iya yankan, baki na iya kore mutum. Wajen awo kada a ɗaga murya ana kiran lamba shago cike da mutane, mai awo ya rubuta da kansa. Kada a ce "kai, tef ɗin ma bai kai ba". Tef na yau da kullum inci 60 ne, akwai mai 120 a kasuwa, kowane shago ya kamata ya ajiye ɗaya. Kada a ce ta shanye ciki, kada a ja tef ya nutse a jiki don lambar ta yi daɗin ji, rigar ce za ta faɗi gaskiya daga baya. A samu labule da madubi mai tsawo da kujera marar hannu mai ƙarfi. Shagon maza masu ɗinkin mata kuma a samu mace mai ɗaukar awo.

YarKoyo_22:
Anti, to waɗanda ba sa zuwa fa, sai dai su aiko da rigar awo?

Maman_Zare:
Rigar awo ita ce babbar hanyar kuskure ga masu jiki, 'yata. Matan aure da yawa ita suke aikowa, saboda kulle ko kunya ko gudun telan namiji, kuma uzurinsu karɓaɓɓe ne. Amma rigar ta riga ta saki a inda ake jan ta, ko kuma ita kanta da kuskuren wani telan a jikinta, sai ki kwafe shi. In ba makawa, ki tambaya ta waya: ina take matse ki, ina take yi miki yawa, yaushe aka ɗinka ta, yadin yana miƙewa? Ki roƙi wata a gidan ta auna mata wurare huɗu ko da tef ɗin yara ne: saman ƙirji, cikar ƙirji, hif a zaune, damtse. Sannan ki bar inci ɗaya da rabi zuwa biyu a kowane gefe ta ciki, ki yi wa kowane baki wibin (ɗinkin hana zarewa) daban, domin a iya buɗewa ba tare da an lalata rigar ba.

Hajiyar_Kwari:
Da lokaci ma. Kayan sallah da aka auna kafin azumi, wasu sun faɗa wasu sun ƙaru kafin a ga wata. Amare kuma ga masu shan kayan gyaran jiki, har da masu haɗiyar ƙwayoyin sa ƙiba irin su sha-ka-fashe, waɗanda likitoci ke ta gargaɗi a kansu. Awon wata biyu baya ba zai yi aiki ba. A sake aunawa saura sati biyu, kafin a rufe gefe da zif. Mai jego kuma a tambaye ta ko tana shayarwa a sa mata zif a gaba ko a ƙarƙashin yankan ƙirji.

MaiSurfani_Zazzau:
Na ji bayanin Hajiya Uwar_Almakashi, kuma na karɓi rabinsa. Amma har yanzu ina nan a kan cewa tela yana da haƙƙin ya faɗi gaskiya in salo ba zai zauna ba. Rigar da ba ta da kafaɗa, nauyinta duka a kan ƙirji, in ƙirjin ya kai 50 kuma tela ba shi da ƙashi mai ƙarfi da ɗamarar ciki, karɓar aikin cin amana ne.

Yadi_da_Inci:
Malam, a nan mun haɗu, sai dai yadda za a faɗa. "Ba ni da kayan aikin da zai riƙe wannan" ko "ban ƙware a wannan ba, ga wance ta iya" gaskiya ce. "Ba zai karɓe ki ba" kuwa ɗora wa mai kaya laifin ne. Kuma yawancin salo ana iya juya su: marar kafaɗa a sa mata siririn raga mai launin fata ya ɗauki nauyin, siket mai matse gwiwa a mayar da shi yanka shida ko takwas a fara buɗewar inci uku sama da gwiwa, koset a tsawaita shi ya sauka kan ƙashin hif don kada ya naɗe a ciki. @YarKoyo_22 in kina son hannunki ya faɗa, nemi mutum uku a gida masu ƙirji sama da 46, ki yi wa kowace rigar gwaji da yadin shafi, ki zana layin ƙirji da na ƙugu da alli a jiki, ki duba ko layukan sun kwanta daidai da ƙasa. Inda layi ya ɗaga sama, wajen yana neman ƙarin tsawo. Inda yadi ya ɗame ya yi layuka a kwance, yana neman faɗi.

DanDamagaram_Dinki:
In kuma layukan sun taso a karkace daga hammata suna nuna ƙirji, dat ne ya yi kaɗan, ba gefe za a buɗe ba.